Yaro Kurma Ne Amma Idonsa Ƙalau: Shin Waya Za Ta Buɗe Masa Littafi?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 12, ya rasa jinsa tun yana goye bayan wani zazzaɓi mai zafi. Yana zuwa makarantar kurame, kuma in ka ga rubutunsa sai ka ce inji ne ya buga. Amma in na miƙa masa littafi ko jarida, hotuna kawai yake kallo ya ajiye. Ni a sanina makaho ne takarda ke gagara, ba kurma ba. An ce mini akwai manhajar da ake haska wa littafi da waya ta mayar da rubutun maganar hannu. Da gaske ne? In na ɗauki adashe in saya masa babbar waya, zai iya karatu?" (Wata uwa daga Zariya)

Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya raya shi Ya yi masa albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: me ya sa yaron da idonsa ke gani sarai yake kasa cin moriyar abin da aka buga a takarda, sannan ko waya za ta iya cike wannan giɓi. Na shafe shekaru ina koyar da yara kurame, kuma kusan duk iyayen da suka zo wurina da wannan mamakin suke zuwa. Waya tana taimakawa ƙwarai, amma ba ta hanyar da aka ba ki labari ba. Kafin ki taɓa kuɗin adashen nan, bari mu fara gano inda gizo ke saƙar.

Rubutu inuwar magana ce

Samo jaridar Faransanci daga Maraɗi ki buɗe. Haruffan duk kin san su, domin da irinsu ake rubuta boko. Za ki iya kwafe shafi guda tsaf, da hannu mai kyau, ba tare da kin san ko labarin biki ne ko na gobara ba. To abin da ɗanki yake yi ke nan a aji. Kyawun rubutun da kika gani aikin ido ne da hannu. Karatu kuwa aikin harshe ne.

Yaro mai ji kafin ya shiga aji ɗaya ya riga ya sha Hausa shekara biyar ko shida: a goye, a tsakar gida, a wajen tatsuniya, a rediyon da ke kunne tun asuba, har da faɗan maƙwabta ta kan katanga. Ranar da malami ya rubuta masa "ruwa" a allo, ba sabon abu ya koya ba, an nuna masa kamannin kalmar da ya daɗe yana faɗa ne. Wanda bai taɓa jin harshen ba, an ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya: ya koyi haruffa, ya kuma koyi harshen da haruffan ke wakilta, duk ta ido.

Rubutun Hausa ma yana da nasa tarko, domin ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Dubi kalmar "kuka". Akwai kukan jariri, akwai kukar miya, akwai "kuka tafi kuka bar ni". Mu da muke ji, kunne ke raba mana su ba tare da mun lura ba. Kurma haruffa huɗu iri ɗaya yake gani. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, haka "fari". Sai kuma salon 'yan jarida. Wata rana muna karanta labarin rasuwa da 'yan ajina, aka ce mamacin "ya riga mu gidan gaskiya". Wata yarinya mai kaifin basira ta ɗaga hannu, ta yi alamar gida, ta yi alamar tambaya: a wace unguwa gidan yake? Ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta karanta. Ki ƙara da "sun yi amai sun lashe" da "ta leƙo ta koma", sai ki ga dalilin da ya sa yake komawa kan hotuna.

Wannan ba matsalar ƙasarmu kaɗai ba ce. A Amurka, inda ake da kayan aiki, gwaje-gwajen da masu bincike na Jami'ar Gallaudet da ke Washington suka tattara sun daɗe suna nuna cewa matsakaicin ɗalibi kurma mai shekara 17 zuwa 18 yana karatu ne daidai da ɗan aji huɗu na firamare. Ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma mafi yawan iyayen ba su iya maganar hannu ba, sai yaro ya wuce shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi ɗaukar harshe ba shi da cikakken harshe ko ɗaya. Abin da ke tabbatar da haka shi ne, kuramen da iyayensu ma kurame ne, waɗanda suka tashi da maganar hannu tun suna tsumma, sau da yawa sun fi sauran iya karatu.

A nan dole a raba kurma da kurma. Wanda sanƙarau ko ƙyanda ko hangum ya ɗauke wa ji yana ɗan shekara tara, Hausa na nan a kansa, rubutu kuwa shi ne babban abokinsa. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta bar irin waɗannan da yawa, kuma wasunsu sun fi ni karatun jarida. Ɗanki ba ya cikin wannan rukuni, tun yana goye abin ya same shi.

Harshe nawa ke kan yaron?

Akwai wani ƙulli da ya shafe mu musamman. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, shi ne maganar hannu, wasu su ce maganar bebaye. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kurame a Kano ta yi nazarinsa, aka buga binciken a 2000. Harshe ne mai nahawunsa, ba Hausa ba ce da aka mayar hannu. Amma alamun da ake koyarwa a makarantu wani reshe ne dabam. Asalinsu na Amurka ne, kuma wanda ya fi yaɗa su a Afirka shi ne Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan, wanda ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya shigo Nijeriya a 1960. Makarantun kurame na Arewa, har da ta Tudun Maliki a Kano, kan wannan reshe suka ginu, littattafansu kuma Turanci ne.

Ke nan ɗanki a gida yana amfani da alamun da kuka ƙirƙira tare da ɗan abin da ya tsinta wajen kuramen gari, a makaranta alamun Amurka da rubutun Turanci, ke kuma kina miƙa masa jaridar Hausa. Wataƙila ma bai taɓa samun wanda ya koya masa Hausa a rubuce ba. Duk wata na'ura da za ki sayo, tambayar farko ita ce: daga wane harshe zuwa wane harshe take aiki?

Manhajar da aka ba ki labari

Akwai ta. Wadda ta fi suna ita ce StorySign, da kamfanin Huawei ya fitar a 2018. Ana haska wa shafi kyamarar waya, sai wata 'yar tsana ta zane ta fito tana yin alamu, kalmar da ake kai kuma tana haskakawa. Sai dai ba kowane littafi take karantawa ba. 'Yan littattafan yara ne ƙalilan da aka riga aka shirya mata, kuma an yi ta ne da harsunan hannu na Turai da wasu 'yan ƙasashe. Ba ta san maganar hannu ta Kano ba, ba ta san alamun makarantun Nijeriya ba. In kika haska mata Aminiya ba abin da za ta yi. Kada ki manta, harshen hannu ba ɗaya ba ne a duniya. Ingila da Amurka duk Turanci suke yi, amma kuramensu ba sa fahimtar juna kai tsaye.

Su kansu 'yan tsanan kwamfuta ina da ja a kansu. Kaso mai yawa na nahawun maganar hannu a fuska da jiki yake: ɗaga gira shi ke mayar da zance tambaya, kumbura kumatu shi ke nuna girman abu, karkata kafaɗa shi ke nuna wa ke magana a cikin labari. 'Yar tsanar da na'ura ke sarrafawa takan motsa hannu fuskarta a sandare, kamar mai karanta sanarwa ba waƙafi ba aya. Tarayyar Kurame ta Duniya da ƙungiyar tafintocin harshen hannu ta duniya sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2018 suna gargaɗi kan maye gurbin tafinta ɗan Adam da irin wannan, musamman a al'amura masu muhimmanci ga rayuwar kurame, irin su labarai da sanarwar gaggawa.

Sai manhajojin da ke mayar da magana rubutu, irin Live Transcribe da Google ya fitar a 2019, da rubutun da ke bin ƙasan bidiyo. Ga wanda ya kurumce bayan ya iya karatu, wannan ni'ima ce. Ga ɗanki kuwa an mayar da shi inda ya tsaya ne, tunda rubutun ne matsalar. Akwai kuma hanyar rubuta alamun hannu a takarda, SignWriting, da Valerie Sutton ta ƙirƙira a 1974. A Barazil tana da kasuwa, a makarantunmu ba a koyar da ita, saboda haka na wuce ta.

Abin da na ga yana aiki da idona

Bidiyon mutum. Kurma ƙwararre a harshensa ya tsaya gaban kyamara ya ba da abin da ke shafin da hannunsa da fuskarsa, rubutun kuma yana nan a gefe, yaro yana kallon wannan yana komawa kan wancan. A Kenya kamfanin eKitabu yana shirya littattafan yara haka da harshen hannu na Kenya, kurame ne kuma ke yin alamun. UNICEF ma tana da shirin littattafan makaranta na na'ura masu ɗauke da bidiyon harshen hannu, an gwada shi a ƙasashe irin su Kenya da Yuganda da Ruwanda. Amma ba sai an jira manyan hukumomi ba.

Bari in gaya miki yadda muka yi a makarantarmu, har da inda muka yi tuntuɓe. Mun zaɓi ɗan littafi mai shafi 12, labarin yaro da akuyarsa. Karon farko ni na tsaya gaban waya, ina bin jimla kalma bayan kalma, kowace kalma da alamarta. Da muka nuna wa yara, suka zuba mini ido kamar masu kallon rabon gado. Bayan an tashi wani tsohon ɗalibinmu, tela ne yanzu, ya kalli bidiyon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Malam, ai wannan ba magana ba ce, jera kalmomi ka yi kamar mai shanya. Muka ba shi littafin, muka zauna muka warware masa labarin har ya shige shi. Ya sa riga baƙa mara ado, muka rataya shuɗin zane a bango, muka juya shi ya fuskanci taga domin haske ya sauka a fuskarsa, muka ɗora wayar a kan littattafai a bisa tebur. Da ya zo inda akuya ta shiga gonar maƙwabci, sai ya zama akuyar, ya saci kallo dama da hagu, ya cika kumatu da ganye. Washegari ajin ya kaure da dariya. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, wani yaro ya tsayar da bidiyon, ya sa yatsa a shafi, yana neman kalmar da ke nufin abin da ya gani. Ranar ya koyi "gona" da "sata" da "gudu", bai kuma manta ba.

Kowane shafi bidiyonsa dabam, bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. A ƙarshen kowanne, telan yakan ɗauki kalma uku ko huɗu daga shafin, ya nuna rubutunta a kati, ya yi alamarta, ya kuma jera haruffanta da yatsu. Wannan ɗan ƙarin shi ne gadar. In babu shi, yaro zai ji daɗin labari amma ba zai matsa kusa da rubutu ba, ya zama kallon fim kawai.

Yadda ake haɗa bidiyon da takarda kuwa, hanyar zamani ita ce lambar QR, wannan ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo da wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙira a 1994. Ana ɗora bidiyon a intanet, a buga lambar, a yanka, a manna a kusurwar shafi. Mun yi haka, sai muka tarar rabin gidajen ba data, wasu ma ba sabis mai ƙarfi. Muka koma hanyar gargajiya: aka sa wa kowane bidiyo lambar shafinsa, aka zuba a katin memori, iyaye suna tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Shafi na 5, bidiyo na 5. Bai yi kyan gani kamar QR ba, amma ko a ƙauye yana aiki.

Malamin da ke da kwamfuta zai iya wuce nan. Akwai manhaja kyauta mai suna Bloom, ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, manhajar kuma tana da tsarin haɗa littafin harshen hannu: hoto, rubutu da bidiyo a shafi ɗaya. In an gama a tura wa waya, a buɗe da Bloom Reader ba tare da intanet ba. Rumbunan littattafai na intanet na Bloom da na African Storybook suna da littattafan yara na Hausa waɗanda aka ba da izinin kwafa da sauyawa, abin da ke ragewa mutum ciwon kai. Na ce ciwon kai ne domin littafin ɗab'i yana da mai shi. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ta sassauta haƙƙin mallaka domin a mayar da littattafai yadda nakasassu za su iya amfana, makafi da masu matsalar gani da waɗanda ba sa iya riƙe littafi ta ambata, ba ta sa kurame ba. Har masu tsara dokokin duniya sun yi tunani irin naki, Malama. Saboda haka in za a yaɗa bidiyon littafin wani a fili, a nemi izininsa.

Jarida da takardun yau da kullum

Jarida ta fi littafi wuya, domin kullum sabuwa ce, ba mai zama ya fassara ta duka. Abin da manyan kurame ke yi shi ne, wanda ya fi iya karatu a cikinsu ya karanta labari, ya ɗauki kansa a bidiyo yana bayani, ya tura zauren WhatsApp ko Facebook. Wannan ita ce jaridarsu ta gaskiya, kuma ta fi ɗan tafintan da ake maƙalewa a kusurwar talabijin, wanda a ƙaramar waya hannunsa bai fi ƙwayar gero ba. Illarta ɗaya, in mai fassarar ya fahimci labari a karkace, haka zai bazu.

Ana iya ɗaukar hoton shafi da Google Lens a ciro rubutun, a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira a ce ta sauƙaƙa shi: gajerun jimloli, ba karin magana, wanda ya yi abu a ambace shi da suna. Ina amfani da wannan wajen shirya darasi, amma ba na miƙa wa yaro sai na duba. Wajen ciro rubutu, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, sai "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" ta zama "bata". A takardar magani kuwa ba na yarda da na'ura ko kaɗan. Wannan a nemi mutum ya nuna wa mai shan maganin da hannu: ƙwaya nawa, sau nawa, kafin abinci ko bayansa.

Ta fuskar doka, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 da hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020 sun ba ƙungiyoyin kurame madogarar neman a riƙa fitar da sanarwar gwamnati da harshen hannu. Tsakanin doka da aiki akwai tafiya. Mu ma an taɓa kawo mana ƙananan kwamfutocin hannu kyauta, aka yi hotuna aka watse. Da muka kunna, darussan ciki duk murya ce ke bayani. Suna nan a kabad.

To a sayi wayar?

In ba za ta takura ki ba, saya, amma ba sai mai tsada ba. Ki duba faɗin fuskarta, ƙarfin batir, gurbin katin memori, da kyamarar gaba mai kyau domin kiran bidiyo. Kafin nan ki je makarantarsu ki tambayi malaminsa da wane harshe ake koya masa karatu, a fara da littattafan wannan harshen, Hausa ta biyo baya a hankali. Ki roƙi a haɗa ki da babban kurma mai ilimi ta reshen ƙungiyar kurame na jiharku, wanda zai ɗaukar muku bidiyon littafi ko da ɗaya ne, ki kuma ba shi ladan aikinsa, domin sana'a ce.

Sauran aikin naki ne, kuma ya fi sayen waya nauyi: ki koyi alamun da yake yi. Ki zauna kusa da shi a kalli bidiyon tare, ya zama shi ne malaminki. Ki rubuta sunayen kayan gida a 'yan takardu ki manna: ƙofa, randa, tukunya, buta. In za ki aike shi shago, rubuta masa saƙon a waya, ki yi masa alamarsa, ya dawo ya rubuta miki canjin da aka ba shi. Shekara 12 ba a makara ba, ko da yake tafiyar za ta fi ta wanda aka fara da shi yana ɗan shekara uku tsawo, kuma ba zan yi miki alkawarin zai karanta jarida cikin wata shida ba.

Daga wasiƙa ba a auna yaro, ni kuma malami ne ba likita ba. In ba a taɓa gwada jinsa da na'ura ba, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wasu yaran da ake ɗauka ba sa ji sam suna da ɗan saura, kuma na'urar ƙara ji tana iya sa su kama wasu sautuka da za su taimaka wajen haɗa harafi da kalma. Ki sa a duba idonsa ma a wannan zuwan, tunda duk karatunsa ta nan zai bi.